Garin Toshe Yoyo A Rasa Maigida: Hatsarin Tsani Da Gyaran Rufi A Birnin Katsina

Duk wanda ya kwana biyu a birnin Katsina ya san yadda damina ke yin sallama. Zafin bazara zai kai maƙura a watannin Afrilu da Mayu, sai wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa, ta bi gari tana yaye duk kwanon da ƙusarsa ta saki. Kashegari da safe, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Rafindadi, daga Sabuwar Unguwa zuwa Ƙofar Marusa, ƙarar guduma bisa kwano ce ke cika unguwa. In ka ɗaga kai ka dubi waɗanda ke saman rufin, za ka ga kafintoci a cikinsu, amma za ka ga malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da dattijo ɗan fansho, da yaron da bai gama sakandare ba. Kowannensu ya aro tsani a maƙwabta, ya zuba ƙusoshi a aljihu, ya hau da silifas a ƙafa, domin ya toshe yoyon da ya jiƙa katifa daren jiya.

Ba wanda zai zargi magidancin da ya tashi kare iyalinsa daga ruwa. Niyyarsa mai kyau ce, lissafinsa ne ke da gyara. Yana auna kuɗin kafinta da abin da ke aljihunsa, ya ga in ya hau da kansa ya tsira da kuɗin cefanen kwana biyu ko uku, amma ya manta bai ɗora kansa a kan sikelin ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, hawa rufin kwano sana'a ce mai ilimi da ƙa'ida, kuma rufin gidajenmu ya canza ƙwarai alhali al'adarmu ta hawa ba ta canza ba. Maigida na da aikin da ya dace da shi a kula da rufinsa, mafi yawansa kuma daga ƙasa ake yin sa, da rani, kafin hadari ya haɗo. Taka kwano da ɗaga falle da buga ƙusa a can sama kuwa na masu sana'ar ne, kuma ko su sai da sharaɗi.

Daga soro zuwa kwano

Hujjar farko da ake kawowa ita ce iyaye da kakanni ai da kansu suke gyaran ɗakunansu, ba su jira kowa ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai a duba irin rufin da suke hawa. Katsina gari ne na ginin ƙasa tun fil azal. Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, mai tsayin kimanin mita 15, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, shaida ne cewa ƙasa na daɗewa in ana kula da ita. Soron gargajiya shimfiɗaɗɗe ne. Ana jera azara, wadda ake tsagowa daga giginya kuma gara ba ta cinta da sauƙi, a shimfiɗa zana ko kara a kai, a zuba ƙasa mai kauri, a shafe da makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A gefe akwai rawani da ke tare ƙafa, da indararo da ke fitar da ruwa, da zankwaye a kusurwa. Mutum na iya tsayawa a kan irin wannan rufi da ƙafa biyu, ya yi tafiya, ya shanya hatsi. Kuma gyaransa na da lokaci sananne, ana yaɓe kafin saukar ruwa, da hannu da yawa, ƙarƙashin idon magini wanda ya gaji sana'ar kuma yake da Sarkin Magina a samansa.

Rufin kwano bai gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya ba. Yana da gangara, ba shi da rawani, bakinsa kuma kaifi ne kamar wuƙa. Fallen kwanon da ake sayarwa a kasuwa yau siriri ne ƙwarai, ba ya ɗaukar nauyin mutum sai a daidai layin ƙusa, inda katako ke kwance a ƙarƙashi. Taku ɗaya a tsakanin katako biyu ya isa kwanon ya lotsa ko ya ɓurma, musamman in tsatsa ta ci shi. Katakon da ke ƙarƙashin ma ba a ganinsa daga sama, kuma in ba a shafa masa magani ko baƙin mai ba lokacin rufi, gara na iya cinye cikinsa ta bar ɓawo. Da sassafe raɓa na sa kwano santsi, da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ƙarfen na ƙona tafin hannu, hasken da yake maidowa na kashe ido, jiri kuma na ɗibar mutum ba sallama. A tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu akwai rufin asbesto, wanda in ya tsufa yakan fashe kamar ƙwarya ba tare da ya lanƙwasa ya yi gargaɗi ba, ƙurarsa kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tana jawo sankarar huhu. Ga gidaje sun ƙara tsayi, benaye sun yawaita, an kuma ɗora wa rufi sababbin kaya: farantan sola, kwandon satalayit, tankin ruwa a kan dogon ƙarfe. Dalilan hawa sun ƙaru, wurin taka ƙafa ya ragu. Don haka wanda ya kafa hujja da kakansa, ya tuna kakan nan soro yake hawa, kuma ba shi kaɗai yake hawa ba.

Abin da mita uku ke yi wa jiki

Mutane da yawa na raina tsayin gida mai hawa ɗaya, suna ganin ai ba bene ba ne. Bakin rufin irin wannan gida yakan kai mita 3 daga ƙasa. Wanda ya suɓuce daga nan zai isa ƙasa cikin ƙasa da sakan ɗaya, da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa, kwatankwacin a jefo mutum daga babur mai tafiya, ga shi ba hular kwano. Lokacin bai isa mutum ya gyara faɗuwarsa ba. A da tsakar gida turɓaya ce ko daɓe, yanzu siminti ne ko tayil, ga bakin rijiya, ga turmi, ga bulo da rodin da aka ajiye don ginin gobe. In ƙafa ce ta fara sauka, ƙashin diddige da na ƙugu ne ke biya. In hannu aka tokara, wuyan hannu ya karye. In kuwa baya ko ƙeya ce, ana maganar laka da ƙwaƙwalwa ke nan, kuma lakar da ta tsinke ba likita ko maɗorin da ke haɗa ta.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane a jerin haɗurran da ba na ganganci ba, bayan hatsarin hanya. Kimanin mutum 684,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, sannan faɗuwa miliyan 37 da ɗoriya na kai mutane ga neman magani. Waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa a ciki. A Amurka, inda ake da tsani na masana'anta da dokokin aiki masu tsauri, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga ma'aikata 113 da faɗuwa daga tsani ta kashe a shekarar 2011 kaɗai, da wasu kimanin 34,000 da aka kai sashen gaggawa. A Birtaniya faɗowa daga sama ta daɗe tana kan gaba a abubuwan da ke kashe ma'aikata a bakin aiki, abin da ya sa aka kafa doka ta musamman a kan aiki a sama a 2005. Wani zai ce wannan lissafin Turawa ne, ina ruwan Bakatsine. Ruwansa shi ne, nauyin jiki da taurin siminti ɗaya ne a ko'ina. In masu horo da kayan aiki da motar asibiti a kusa suna faɗuwa haka, ba dalilin da zai sa wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki ya ɗauka shi ya fi su tsira. Abin da ya ɓoye mana girman matsalar shi ne faɗuwar cikin gida ba ta tara jama'a kamar hatsarin mota. Ana yin ta bayan katanga, a yi jinya a ɗaka, a ce wane ya kwanta.

Tsani da wayar wuta

Tsanin da ke yawo a unguwanninmu shi kansa abin dubawa ne. Yawanci na katako ne, an buga matakansa da ƙusa a fuskar dogayen katako biyu, ta yadda nauyin mutum duka a kan ƙusa biyu yake rataye. Yana kwana a waje, rana ta busar da shi, ruwa ya jiƙa shi, ƙusa ta yi tsatsa a ciki ba a gani. In ya gaza tsawo, sai a ɗora shi bisa bulo ko benci ko ganga, ko a ɗaure biyu da igiya. Wani ma ba ya neman tsanin, ta katanga yake bi. Ƙa'idojin da masu aikin sama suka yarda da su a duniya ba su da wuya, kuma ba sa cin ko kwabo. A kowane mita 4 na tsayi, gindin tsani ya nisanci bango da mita 1, wato ga rufi mai mita 3, a ja gindin baya da kimanin santimita 75. Hanyar gwadawa ita ce mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa na taɓa gindin tsani, ya miƙe hannuwa gaba, in tafukansa sun sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarsa, to jinginar ta yi. Kan tsani ya zarce bakin rufi da mita 1, domin a samu abin riƙewa wajen hawa da sauka, wanda ke nufin tsanin da bai haura mita 4 ba ya yi kaɗan ga irin wannan gida. A kafa shi a ƙasa mai tauri wadda ba ta karkace ba, a ɗaure kansa, wani babba ya riƙe gindinsa. Mai hawa ya fuskanci tsanin, kullum gaɓoɓinsa uku na riƙe da shi, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, kayan aiki kuma a jawo su da igiya bayan an isa. Kada cibiyarsa ta fita daga tsakanin dogayen katakon biyu, in abin da yake nema ya yi nisa, ya sauko ya gusa tsanin. Babbar riga da silifas ba kayan hawa ba ne. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ma tana ba da shawarar cewa aikin da zai wuce minti 30 a kan tsani, a nemo masa wani abin tsayawa daban.

Hatsarin da ya fi kowane saurin kisa shi ne wutar lantarki. Wayar da ke tasowa daga falwaya zuwa gida daidai bakin rufi take shiga, inda ake jingina tsani, kuma sau da yawa rana ta cinye robarta ko an yi mata haɗi an naɗe da leda. A tsofaffin unguwannin cikin birni, inda lunguna ke da ƙunci, wayoyi kan ratsa ta saman gidajen mutane. Tsanin ƙarfe na mai walda, da jiƙaƙƙen tsanin katako, da fallen kwano a hannu, duk hanyar wuta ne. Falle mai tsawo in iska ta kama shi, shi ke juya mai riƙe da shi. Babban layi mai ƙarfin bolt 11,000 kuwa ba sai an taɓa shi ba, kusantarsa da ƙarfe ya isa wuta ta yi tsalle. Mummunar ɗabi'ar da ta zauna mana ita ce dogaro da cewa an ɗauke wuta. KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ba ya shelar minti da zai maido ta ga kowane gida, kuma janareta ko sola da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba na iya tura wuta cikin layin da ake zaton matacce ne. Duk waya a ɗauke ta mai rai ce. Haka nan wanda ya hau kwano hadari na gabas ana walƙiya, ya sa kansa a wuri mafi tsayi kuma a kan ƙarfe, daidai inda aradu ke nema.

Kuɗi, amana da ƙaddara

Hujja mafi ƙarfi ta masu hawa da kansu ita ce rashin kuɗi, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin kwano da katako da ƙusa da ladan ma'aikaci duk sun yi tashin gwauron zabi. Mai iyali da ke fama da abin sawa a baki, in aka ce ya kira kafinta, zai ji kamar ba a san halin da yake ciki ba. Amma talaucin nan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata ya hau ba. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Karayar cinya ɗaya na nufin hoto, da tiyata, da ƙarfe, da magani, da watanni ba fita nema. Ciwon laka na nufin jinyar shekaru, da mutum guda a gida da zai bar nasa neman ya zauna da majinyaci. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta shafi ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aikin wanda ya ɗauke shi, ba ta san da magidancin da ya faɗo daga rufin ɗakinsa ba. Mai kuɗi in ya faɗo dukiyarsa za ta ci gaba da ciyar da gida. Wanda sai ya fita ake ɗora tukunya, ƙafarsa da bayansa su ne jarin gidan gaba ɗaya, kuma ba mai hankalin da ke caca da jarinsa duka don ya tsira da ribar kwana biyu. Ƙari a kan haka, gyaran wanda bai iya ba sau da yawa ƙara ɓarna yake yi. Ƙusar kwano a kan tudun falle ake buga ta, wanda bai sani ba sai ya buga a kwarin da ruwa ke bi, ya buɗe sabon yoyo. Takunsa na lotsa kwano ruwa ya riƙa kwanciya. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake dannewa da su kuwa, ranar babbar iska kan mutanen tsakar gida suke sauka. Ƙarshenta a kira kafintan da aka guje wa, a biya shi kuɗin gyara biyu.

Akwai masu cewa kafintan ma ai faɗowa yake yi, wani kuma ya karɓi kuɗi ya yi aikin da ba zai kai marka ba. Duka biyun na faruwa. Da yawa daga cikin masu rufi a garuruwanmu na aiki ba igiya a ƙugu ba hula a kai, kuma wannan gyara ne da ya wajaba a kan sana'ar. Amma ƙwararren kafinta ya san layin da zai taka, yana jin katakon da ya ruɓe tun kafin ya sakar masa nauyi, yana shimfiɗa faffaɗan katako ya rarrafa a kai, yana zuwa da mai taimaka masa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a kan rufi aka yi maganar. Kiran mai sana'a bai sauke wa maigida nauyi ba. Wanda ya matse ciniki har kafinta ya sallami yaron da zai riƙe masa tsani, ko ya matsa masa ya ƙarasa aiki yayyafi ya fara, yana da kaso a abin da zai biyo baya. Maganar amana kuwa tana da magani da aka sani: a nemi wanda maƙwabta suka ga aikinsa ya ci damina, a yi magana a fili kan yawan falle da katako, a riƙe cikon kuɗi har ruwa ya gwada aikin. Mai gidan haya shi ma ya sani, in ya yi ta jan ƙafa har ɗan haya ya gaji ya hau da kansa, jan ƙafar ce ta ɗora shi a kan tsanin.

Mafi muni a duk dabarun tsimi shi ne tura yaro. Ana cewa ba shi da nauyi, kwano ba zai lotsa ba, sai a ɗora ɗan gida ko almajirin unguwa a ba shi ɗan abin kashewa. Rashin nauyi ba ya hana santsi, ba ya hana wuta, kuma yaro bai san abin tsoro ba balle ya kauce masa. Wanda yake ganin rufin ya fi ƙarfinsa, ba shi da hujjar ɗora ɗan wani a kai. Haka dattijon da ke shan maganin hawan jini ko na suga, ko idonsa ya fara rauni, ko yana azumi a tsakar rana, jarumtakar da ya yi yana ɗan talatin ba ta nan a gwiwarsa, kuma nauyi ne a kan 'ya'yansa su hana shi cikin ladabi, su biya kuɗin aikin.

Sai maganar da ake rufe kowace muhawara da ita, wato tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Musulmi ba ya musun ƙaddara. Amma addinin da ya koyar da ita shi ne ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Har a kan rufi kansa akwai hadisin da ya hana kwana a saman soron da ba shi da abin da zai tare mai barci. In an hana kwanciya a rufin da ba kariya, alhali shimfiɗaɗɗe ne, ina ga tsayuwa a kan mai gangara da santsi, kusa da wayar wuta? Ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba ta zama izinin sakaci tun kafin a fara ba.

In ta riga ta auku

Abin da ake yi a mintunan farko bayan faɗuwa na iya raba tsakanin warkewa da kwanciyar har abada. Al'adarmu ita ce a ruga a ɗaga mutum, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a girgiza shi, a naɗe shi a cusa cikin Keke Napep. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan naɗewar ce ke ƙarasa tsinka lakar da faɗuwar ta bari. Wanda ya faɗo daga rufi a ɗauka bayansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. A bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ci ko sha. In za a ɗauke shi, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. In wuta ce ta kama shi, kada a taɓa shi sai an kashe ta daga tushe. Wanda ya bugu a ka ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau shi ma a kai shi asibiti, domin jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum ya yi magana garau na wasu sa'o'i sannan ya sume. Amai, da ciwon kai mai ƙaruwa, da yawan barci, da ruɗewa, da jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamun gaggawa ne. A cikin birni akwai Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai Asibitin Janar Amadi Rimi da aka sani da aikin ƙashi, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Maɗora na da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma, amma ciwon kai da wuya da baya, da karayar da ƙashi ya huda fata, ba nasu ba ne, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da ɗaurin da ake tamkewa har jini ya daina gudu, gaɓa ta ruɓe a kai ga yankewa. Ko ɗori za a yi, a fara da hoto.

Aikin da ya rage wa kowa

Mafita ta fara daga kalanda. Ba a fafe gora ranar tafiya, rufi kuma ba ranar hadari ake dubansa ba. Daga ƙarshen kaka zuwa watan Maris akwai wata biyar da kwano ke bushe, kafintoci ba su cika cunkoso ba, ciniki kuma na yiwuwa cikin natsuwa. A wannan lokaci maigida zai iya yin aikinsa ƙafarsa na ƙasa: ya zagaya ɗakuna ya ga inda silin ya yi tabo ko ya yi ciki, ya lura da fallen da ke kaɗawa in iskar hunturu ta taso, ya bi bango ya ga hanyar gara, ya sa a sare reshen da ke gogar rufi, ya sa alama a duk inda ya yi yoyo bara tun bai manta ba. Ya riƙa ware ɗan abu kowane wata, ko ya shiga adashi da sunan rufi, kamar yadda ake tanadin Sallah. In kuma yoyo ya zo da tsakar dare, a jawo gado gefe, a tara bokiti, a kashe wutar ɗakin, a jira gari ya waye kwano ya bushe. Ba katifar da ta kai ƙashin baya tsada.

Unguwa ma na da rawar takawa. Maƙwabta goma na iya haɗa kuɗi su ɗauki kafinta ɗaya ya bi gidajensu a mako guda, wanda zai sauko da farashi, kuma gayya ce irin ta da a sabuwar riga. Kwamitin masallaci na iya mallakar tsani ɗaya mai inganci da igiya, a ajiye a inuwa, a riƙa ba da aro da sharaɗin mai riƙewa, a kuma sa gidajen zawarawa da marayu da tsofaffi a gaba. Limamai da masu unguwanni su yi tunatarwa a watan Afrilu kamar yadda ake yi kan yashe magudanun ruwa, gidajen rediyo irin su Rediyon Jihar Katsina da Companion FM su ba maganar fili kafin ruwan farko. Wuraren koyon sana'a, daga Ƙauyen Koyon Sana'o'in Matasa na Katsina zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da ƙungiyoyin kafintoci da magina, su mai da kafa tsani da ɗaura igiya darasin farko ga duk mai koyo, domin ubangidan da ya koya wa yaro buga ƙusa bai koya masa tsare ransa ba, rabin sana'a ya ba shi. Hukumar tsara birane da kamfanin wuta kuma su dubi wayoyin da ke ratsa saman gidaje, su hana gini a ƙarƙashin manyan layuka.

Ya kai maigida, rufi don mutanen da ke ƙarƙashinsa aka yi shi, kuma kai ne ginshiƙin da suka fi dogara da shi. Duba rufinka tun da rani, kira mai sana'a ka biya shi haƙƙinsa, ka tsaya ka riƙe masa tsani, kada ka ɗora yaro, kada ka hau ana hadari. Falle in ya lalace ana sayen wani a kasuwa, amma iyalinka ba su da wani kai. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da tsarewarSa.